'Yata na son zuwa sansanin yara na kwana: in bar ta ko in hana?

Bakatsiniyar Bronx:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Shawara nake nema. Yau kwana huɗu ke nan wani fom yana manne a jikin firjina, na kasa sa masa hannu, na kuma kasa jefa shi a shara.

Babbar 'yata shekararta 11, aji shida za ta shiga a watan Satumba. Malamarsu ce ta ba ta takardar wani sansanin yara mata da ke cikin tsaunukan Katskil, tafiyar awa biyu da rabi a mota daga nan Bronx, a birnin New York na Amurka. Irin wanda ake kwana a can ne, ba wanda ake kai yaro da safe a ɗauko shi da yamma ba. Mako biyu cur a watan Yuli. Kuɗinsa dala 1,900, amma da suka duba abin da muke samu sai suka rage mana zuwa 350. A hotunan akwai ɗakunan katako da gadaje masu hawa biyu, da tafki, da kwale-kwale. Ba a barin yara su riƙe waya, sai dai wasiƙa.

Da a ce bara aka kawo min takardar nan, ko karantawa ba zan yi ba. Abin da ya sa na tsaya ina tunani shi ne yadda hutun bara ya wuce mana. Ni aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi, ina fita bakwai na safe in dawo bayan bakwai na yamma, kwana huɗu a mako. Babansu tuƙin dare yake yi, da rana barci yake. Makarantun nan kuwa ana rufe su ƙarshen Yuni, ba a komawa sai farkon Satumba. Mako goma ke nan yarinyar nan tana hawa na biyar da ƙannenta biyu, ga zafi, na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya ce a tagar falo. Ita ke ɗumama musu shinkafa da miya, ita ke raba faɗa, ita ke cewa su yi shiru Baba na barci. In ta gama sai ta kwanta a kujera da waya a hannu har in shigo. Wata rana a Agusta na dawo na same ta ta jingina goshi da ƙarfen taga tana kallon yaran da suka buɗe famfon kashe gobara a titi suna wasa da ruwa. Ba ta ce in bar ta ta sauka ba, don ta san amsar. Har yau abin bai bar raina ba.

Shi ya sa da ta miƙo min takardar ta ce, "Mama, ban taɓa ganin tafki ba sai a waya," bakina ya yi nauyi.

Ni kaina a shekarunta aka kai ni makarantar kwana, da akwatin ƙarfe da bokiti da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Mako guda ina kuka a ƙarƙashin bargo, kuma a can na koyi wanki da tashin asuba da zama da mutane. Amma a can ƙararrawa ce ke tashinmu salla, abin da aka dafa duk namu ne, matar da ke kula da ɗakinmu ma ta san gwaggona. Nan fa? Wa zai tashe ta? In suka ba ta naman alade ba ta gane ba fa? Da wane kaya za ta shiga ruwa, alhali ko iyo ba ta iya ba? Sannan ga abin da ya fi damuna: jikinta ya fara canzawa. In al'ada ta zo mata karon farko a can, cikin baƙi, ba ni kusa?

Babanta bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa ya yi in tambayi waɗanda suka riga mu. Da na gaya wa Hajiyata a waya, ina ambaton kalmar daji ta saka salati. Ba na ganin laifinta. Mutumin Katsina da ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana cikin dare, ba ya son jin an haɗa yaro da daji da kwana a magana ɗaya. Na yi mata bayanin cewa nan ba haka ba ne, ta ce, "Ke dai kin ji."

Don Allah wanda ya taɓa tura ɗansa ya gaya min gaskiya. Ranar Juma'a mai zuwa za a rufe karɓa.

Hajiya 'Yar Zangon Kumasi:

Wa alaikumus salam 'yata. Ni dai ba zan ɓoye miki ba, ban yarda ba. Shekara ta 28 a Bronx, na raini shida a nan, babu wanda ya taɓa kwana a inda ban san mai gidan ba. Ana cewa ɗa na kowa ne, amma wannan a inda kowa ya san uban kowa ne. Waɗanda za su kwana da 'yarki a ɗaki ɗaya su ma yara ne, 'yan shekara sha takwas, sha tara. Wace ce a cikinsu ta san zafin haihuwa?

Kuma ba 'yan bindiga ne kawai abin tsoro ba. Kin manta Texas? Ranar 4 ga Yulin 2025, kafin gari ya waye, kogin Guadalupe ya cika ya taso ƙafa 26 cikin minti 45, ya bi ta kan Camp Mystic yara na barci. Yara mata da masu kula da su 27 suka rasu. Sansani ne tsoho, kusan shekara ɗari, iyayen kuma masu hali ne, sun biya kuɗi mai yawa. Ina ganin hotunan gadajen nan da laka ta rufe, na kasa cin abinci ran nan.

Zancen zaman gida kuwa, gaskiyarki, yarinya ba ta kamata ta zama uwa a shekara 11 ba. Amma akwai Summer Rising da birni ke yi kyauta a makarantu, ana ba su abinci, ana fita da su, da yamma kowa ya koma gidan ubansa. Ki sa su duka ukun. Asabar da Lahadi su je islamiyya. In ruwa take son gani, wuraren iyo na birni kyauta ne, ga bakin tekun Orchard Beach nan kusa, ranar hutunki ki shiga bas da su. Ki riƙe 'yarki a gabanki, Allah Ya raya miki su.

Nas a Albany:

Hajiya, ina gaishe ku, kuma maganarku ta Texas gaskiya ce, babu abin da za a rage a cikinta. Amma ku yi min izini in faɗa wa ƙanwata abin da na gani da idona, domin na yi hutu biyu ina aikin jinya a wani sansanin kwana a jihar nan, ɗana kuma yana wurin a lokacin.

Ƙanwata, kada ki yanke hukunci da hotunan takarda. Ki fara da abin da doka ta ɗora musu. A jihar New York babu sansanin yara da ke buɗewa sai da izinin ma'aikatar lafiya, kuma sau biyu ake zuwa duba shi a shekara. Rahoton dubawar ba sirri ba ne, kina iya neman sa daga ofishin lafiya na yankin da sansanin yake. Dole su duba sunan kowane ma'aikaci a rajistar waɗanda aka taɓa samu da laifin lalata. A sansanin kwana, yaran da suka kai shekara 8 ba za su wuce goma a hannun mai kula ɗaya ba. Dole kuma su kasance da rubutaccen tsari na abin da za a yi in gobara ta tashi, ko yaro ya ɓata, ko iska da ruwa suka taso. Ki ce a nuna miki. Ki tambaya ƙarara: ɗakunan kwana a kan tudu suke ko a kwari? Akwai kogi ko rafi kusa? Da me ake sanar da ɗakuna cikin dare tunda masu kula ma wani lokaci ba su riƙe waya? Akwai kuma wata ƙungiya, American Camp Association, da ke tantance sansanoni. Shiga cikinta ba dole ba ne, amma wanda ya samu shaidarta ya yarda an bincike shi fiye da abin da doka ta nema.

Hajiya ta yi daidai da ta ce masu kula matasa ne. Da yawansu ɗaliban jami'a ne, wasu ma daga ƙasashen waje ake kawo su na hutun kawai. Na ga masu kirki ƙwarai, na ga waɗanda hankalinsu bai gama zama ba. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane babba ne ke zagaya ɗakunan da dare, da kuma ko an hana ma'aikaci keɓewa da yaro shi kaɗai. In suka yi miki kame-kame a wannan, ki tattara takardunki ki fito.

Ruwa shi ne wurin da na fi samun natsuwa, abin da ban zata ba. Ranar farko ake gwada kowace yarinya. Wadda ba ta iya iyo ba ba ta wuce inda aka ja igiya, ruwan iya ƙugu ko ƙirji. Kowace tana da abokiyar da aka haɗa su, in mai gadin ruwa ya busa usur sai kowa ya tsaya cak, ki kama hannun abokiyarki ku ɗaga sama, a ƙirga. Ɗana ya je bai iya komai ba, ya dawo yana ratsa tafki. Yaranmu da yawa a ƙasar nan suna girma ba su iya iyo ba, kuma ruwa na cin irinsu. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalili a yi tunani. Kayan iyo masu rufe jiki har da kai ana sayar da su, ki sanar da su tun yanzu cewa da shi za ta shiga.

Abinci: alade a faranti ba shi ne matsalar ba, wannan yarinya mai shekara 11 za ta gane, kuma kusan ko'ina akwai abincin waɗanda ba sa cin nama. Inda ake shammatar yaranmu shi ne bakin wuta da dare. Akwai wata farar alewa mai laushi, mashmalo, da ake tsirewa a tsinke a gasa a haɗa da cakulan da biskit. Mafi yawanta da jelatin na alade ake yi. Duk ɗakin na zaune ana waƙa ana gasawa, ke kuma taki ta zauna tana kallo, ko ta ci don kunya. Ki je shagunan 'yan Bangladesh da ke Starling Avenue ki nemi ta halal, ki damƙa wa mai kicin ɗinsu da sunanta a jiki. Ƙaramin abu ne, amma na ga yarinya ta yi kuka a kansa.

Sai kaska. Dazukan nan cike suke da ita, ƙanana ƙwarai, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma ita ke kawo cutar Laim. Ki koya mata duba bayan gwiwa, hammata, bayan kunne da cikin gashi kowane dare. A fatarmu jan zoben da ake cewa a duba ba ya fitowa sosai, don haka in ta dawo da zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi, ki gaya wa likita inda ta je.

Zancen al'ada kuwa, kada ki bari sai ta zo. Ko ta tafi ko ba ta tafi ba, ki zaunar da ita makon nan ki yi mata bayani, har da wanka da hukuncin salla. Ki sa mata audugar mata a jaka. Yara biyu sun fara a hannuna. Wadda uwarta ta riga ta gaya mata ta shigo ta faɗa min a kunne, muka gama cikin minti biyar. Ɗayar kuwa ta ɓoye zanen gadonta a ƙarƙashin katifa kwana biyu tana zaton ciwo ne.

Za ta yi kewar gida, musamman dare na biyu da na uku. Kada ki ce mata "in kin ji ba daɗi zan zo in ɗauke ki." Duk wadda aka yi wa wannan alkawarin ba ta sakin jiki, ƙofa take kallo.

Malam daga Zariya:

'Yar'uwa, ina nan gida amma ina bin maganar. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda ake gani. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, ta daɗe tana tara yara a taron karatun addini da ake kira IVC lokacin hutu, su yi kwanaki suna kwana a makaranta ɗaya, ni ma na je ina sakandare kuma na amfana. Bambancin shi ne a can salla ce ke tsara yini. A inda za ki tura ta, ita ce za ta nemar wa salla wuri. Ki lissafa: a Yuli a wajenku na ji magariba tana kaiwa takwas da rabi, isha kusan goma, asuba kuma wajen huɗu. Ke nan isha za ta shiga bayan an kashe fitila. Ki tambaye su ko za su bar ta ta tashi, da inda za ta shimfiɗa darduma. Manzon Allah (SAW) ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a raba musu shimfiɗa suna da goma, to ki tabbatar gadonta nata ne ita kaɗai. In da hali, ki nemi sansanin Musulmi. Na san ƙungiyar matasan Musulmi ta MYNA na shiryawa a Amurka, sai dai daga shekara 12 suke ɗauka, kin ga baɗi ke nan. Kuma kada a yi komai sai da yardar mahaifinta a fili, ba shiru ba. Ku yi istihara.

Bakatsiniyar Bronx:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na yi shiru ne don na bi shawarar Anti Nas, na kira su na ce ina son ganin wurin kafin Juma'a. Suka ce mu zo Lahadi. Babanta ya fasa barcinsa ya tuƙa mu, gani ya kori ji.

Hajiya, zancen ambaliyar da kuka kawo na fara tambaya, tun kafin mu zauna. Ɗakunan suna kan tudu, sai an gangara sosai kafin a kai tafkin, kuma babu kogi a wurin. Shugabar, wata dattijuwa mai furfura, ta ɗauko takardar izini da tsarin gaggawa ta ajiye a gabana ba tare da ta ɓata rai ba. Kowane ɗaki akwai rediyon hannu a rataye bakin ƙofa. Yara takwas ne a ɗaki, masu kula biyu, ita da mataimakiyarta kuma suna zagaye har sha biyun dare. Na shiga banɗaki na duba, kowane wurin wanka da labulensa da ƙofarsa. Buta ce babu, na ce za ta zo da tata, matar ta rubuta.

Akwai abin da bai yi min ba, kuma zan faɗa. Da na yi zancen salla, sai ta ce ba su taɓa samun yarinyar da ta nemi tashi ƙarfe huɗu ba, kuma tana tsoron agogo ya tashi sauran. Babanta ne ya karɓi maganar. Ya ce ba ya neman a canza wa kowa tsari, amma 'yarsa ba za ta yi mako biyu tana haɗa asuba da hantsi ba. Aka yi ta juyawa har aka tsaya a kan cewa za a ba ta gadon ƙasa na bakin ƙofa, ta ɗaura agogon hannu mai jijjiga, ta yi salla a barandar ɗakin inda mai kula ke ganinta ta taga. Isha ma haka. Na nemi a rubuta wannan a takarda, an rubuta.

Ita kuwa yarinyar tun da muka sauka ba ta ce uffan ba. Da muka gangara bakin ruwa sai ta cire takalmi ta tsaya a kan katakon da ya shiga cikin tafkin, ta tsoma ƙafa ɗaya, ta daɗe a haka. Babanta ya tsaya yana kallonta. A mota muna dawowa ya ce min, "Mako ɗaya. In ya yi kyau, baɗi a duba na Musulmin da Malam ya faɗa." Malam, kun ji, da bakinsa ya faɗa. Sun yarda da mako ɗayan, kuɗin ya koma 175.

Wani abu kuma da ya kwantar min da hankali, maƙwabciyata 'yar Gambiya da ke hawa na uku, 'yarta ajinsu ɗaya kuma islamiyyarsu ɗaya. Na kai mata takardun na gaya mata duk abin da na gani, ta ce in tawa za ta je tata ma za ta je. Mun roƙa a sa su ɗaki ɗaya. Ƙananan biyu kuma na cike musu Summer Rising kamar yadda Hajiya ta ce, muna jiran amsa.

Daren jiya na zaunar da ita na yi mata bayanin da Anti Nas ta ce. Ni ba a taɓa yi min ba, a makarantar kwana na sani daga bakin wata 'yar aji uku, cikin tsoro. Muryata na rawa na fara, ita kuma tana wasa da bakin hijabinta, daga baya ta yi min tambayoyi har uku.

Hajiya, na san ba haka kuka so ba, kuma wallahi tsoron da kuke ji ina jin sa. Na sa hannu, amma tun ranar barcina bai cika ba. Hajiyata ta Katsina ma ban gaya mata ba tukuna, ina neman ta inda zan fara. Ku taya mu da addu'a.

Hajiya 'Yar Zangon Kumasi:

Ra'ayina yana nan inda yake, 'yata, amma uba ya yi magana, kuma kin je kin gani. Allah Ya kai ta lafiya Ya dawo mana da ita lafiya. Ki rubuta sunanta a jikin kowane kaya har da butar. Asabar ɗin da za ta tafi washegari ki kawo min ita da safe in yi mata kitso ƙanana da zai jure ruwa, don mutanen can ba su san yadda ake taɓa gashinmu ba. Ki haɗo da 'yar Gambiyan. Mahaifiyarki kuma ki bari sai kina wurina ki kira ta, ni zan yi mata bayani.